Ciwon mara lokacin al'ada: ɗumi, tausa, motsa jiki ko na'ura, wanne ya cancanci wahalarki?

Yawancin matan da ke neman hanyar rage ciwon mara ba da ƙwaya ba suna da dalili. Wata olsa ce ta raba ta da ibuprofen da diclofenac. Wata ta gaji da aiken yaro kemis duk wata a sayo mata piroxicam, har ta fara jin ƙuna a ƙirji. Wata ɗiya ce 'yar shekara 14 a makarantar kwana, uwarta ba ta so ta saba da haɗiyar magani ba mai lura da ita. Wata kuma tana sha ɗin, amma kamar an shuka dusa, don kusan mace ɗaya cikin biyar irin waɗannan magunguna ba sa kashe mata ciwon yadda ya kamata.

Hanyoyin da ake ambata suna da yawa, kuma masu talla a waya sun fi kambama mai tsada. Mu a ganinmu kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke su kishiyoyi, a ce wacce ta fi. Kowacce da lokacinta. Akwai ta ranar da ciwon ya taso, akwai ta makonnin da ke tsakanin al'ada da al'ada, akwai kuma wadda ba ta kai kuɗin motar neman ta ba.

Abin da ke murɗa marar

In ƙwai ya fita ciki bai shiga ba, shimfiɗar da ke cikin mahaifa takan fara sabulewa, tana sakin wani sinadari mai suna furostagilandin. Shi ke sa mahaifa ta dunƙule da ƙarfi, ta matse jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, tsokarta ta rasa isasshen jini na ɗan lokaci. Murɗawar ke nan. Sinadarin yana shiga jini ya zaga jiki, shi ya sa wasu ke haɗawa da tashin zuciya, amai, gudawa da ciwon kai. Ya fi yawa a kwana biyun farko, don haka ciwon kan fara 'yan sa'o'i kafin jini ko tare da shi, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Ga wani abu da in kin riƙe shi ba mai yaudarar ki da talla. Mahaifar da ba ciki a cikinta tana can ƙasa bayan ƙashin mara, hannu ba ya kai mata, zafin robar ruwa ma bai wuce fata da naman da ke ƙarƙashinta ba. Kuma tsokarta ba irin ta hannu ba ce da za ki ce mata saki ta saki. To ta ina ɗumi da tausa ke aiki? Ta jijiya. Fatar mara da ta ƙugu suna kai saƙonsu laka ta mashiga ɗaya da mahaifa. A 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓi da shafa na iya tare wa saƙon ciwo hanya a wannan mashiga. Kamar dai Ƙofar Ƙaura ta Katsina ce da yamma: in wasu ababen hawa suka cika ta, dole wasu su jira. Ɗumi, tausa da na'urar TENS mai tura lantarki mara ƙarfi ta fata duk a wannan ƙofa suke aiki, shi ya sa sauƙinsu ya fi ƙarfi lokacin da ake yin su, ya ragu in an daina.

Duk wannan bayani na ciwon da ba wata cuta a ƙarƙashinsa ne, wanda kan fara cikin shekara ɗaya ko biyu da fara al'ada, ya riƙa zuwa iri ɗaya duk wata. In ciwonki sabo ne da ya ɓullo bayan shekaru kina lafiya, ko yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana farawa kwanaki da yawa kafin jini ya kuma zarce bayansa, ko kina jin zafi wajen saduwa ko bayan gida, ko jinin ya wuce kwana bakwai, ko kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, to asibiti ne farko. Budurwar da ke ciwon mara duk wata amma jini bai taɓa fito mata ba, ita ma a kai ta, wani lokaci tantani ne ya toshe hanya jinin na taruwa ciki. Wadda kuwa al'adarta ta yi jinkiri, sai ciwo mai tsanani ya kama ta gefe guda da jiri ko suma, kada kowa ya taɓa mata ciki. Yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma wannan ba ya jiran gari ya waye.

Ɗumi

Da za a ce a zaɓi guda ɗaya tak ta ranar ciwo, ɗumi za mu ɗauka, ba tare da dogon tunani ba. Shi ya fi arha, kuma yana cikin waɗanda suka fi hujja. A 2001 an buga wani gwaji daga Amurka inda aka manna wa mata faci mai ɗumin kusan digiri 39 a mara na awa 12 a rana, sai aka ga sauƙin da suka samu ya yi kafaɗa da kafaɗa da na ibuprofen, waɗanda suka haɗa biyun kuma suka fi saurin jin sauƙi. Ki lura da adadin: digiri 39 zuwa 40, ɗan sama kaɗan da zafin jiki. Sirrin yana cikin daɗewa, ba cikin tsananin zafi ba. Nan ne akasarin mata ke kuskure, su ɗora abu mai ƙuna na minti biyar, su ɗauke don ba su iya jurewa, su ce bai yi ba.

Robar ruwan zafi irin ta kantin magani yawanci lita biyu take ci. Kada a zuba mata tafasasshen ruwa kai tsaye, yana cinye robar ta ciki har wata rana ta fashe a jiki. Ki haɗa kofi ɗaya na tafasasshe da kofi ɗaya na ruwan randa, ki cika ta kashi biyu cikin uku, ki kwantar da ita a hankali har ruwan ya zo baki iska ta fita, ki murɗa murfin, ki kife ta ki ga ko tana ɗiga. Haɗin nan yana kusa da digiri 60, wanda in ya zubo a fata daƙiƙu kaɗan sun isa ya ƙona, don haka sai an naɗe ta da tawul ko zani ninki biyu. Ki gwada a cikin damtsenki: in ba ki iya barin ta rabin minti ba tare da kin janye ba, ƙara ninki. Minti 20 zuwa 30 a mara, ki duba fatar, ki mayar ƙugu, ki dawo. Kada ki kwanta a kanta, kada ki yi barci da ita. Zafin da bai kai ya tashe ki ba yana iya dafa fata in ya kwana wuri guda. Robar da ta haura shekara biyu, ko ta fara tsattsagewa a wuya, a jefar.

In babu roba, gorar ruwa ta leda na iya tsayawa, amma tana lanƙwashewa da zafi, murfinta ya saki. A nan sai kofi biyu na ruwan sanyi da ɗaya na tafasasshe, kuma na sanyin ake fara zubawa. Kwalba kuwa tana iya tsagewa, a bar ta. Abin da ya fi gora aminci shi ne gishiri: gwangwanin madara biyu ko uku, a ɗumama a busasshen kasko minti uku zuwa biyar ana juyawa, a juye a safa mai kauri ta auduga ko 'yar jakar atamfa, a ɗaure baki. Ba ya zuba, yana bin siffar mara, kuma a sake ɗumama shi sau ba adadi. Aibinsa biyu: tsakiyarsa ta fi bayansa zafi, sai an girgiza kafin a ɗora, sannan safar nailon narkewa take yi.

Akwai facin ɗumi da ake mannawa a jikin kamfai, mai garin ƙarfe a ciki wanda ke ɗaukar zafi da ya sha iska, ya riƙe kusan digiri 40 na awa takwas ko fiye. Shi ne mafi kusa da abin da aka gwada a binciken nan, kuma shi kaɗai ne za ki sa ƙarƙashin hijabi ki shiga aji ko ofis ba wanda ya sani. Sau ɗaya ake amfani da shi, don haka ya fi dacewa a ajiye shi don ranar jarrabawa ko tafiya. Kada a rikita shi da filasta mai yaji ko man zafi. Waɗannan suna sa fata ta ji kamar zafi ne kawai, kuma haɗari ne a shafa man zafi sannan a ɗora robar ruwa a kai, fata na iya saluɓewa.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. A hunturu ɗumi daɗi ne. A Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Katsina da Daura ke haura digiri 40, roba a mara na jawo zufa da ƙurajen zafi. A lokacin sai a gajarta zuwa minti 15, a share fata ta bushe tsakani, ko a koma wanka da ruwan ɗumi ana kwarara shi a ƙugu. In kika ga fatar mara ta fara yin wani zane baƙi-baƙi kamar raga, alamar ɗumin ya yi yawa ne kuma ya daɗe, a huta, don zanen kan iya zama dindindin. Mai ciwon suga da jin fatarta ya ragu ta ninka kula. Mai sikila ɗumi ya dace da ita, sanyi ne ba a sa mata, amma in ciwon ya tsallaka ƙashi da gaɓoɓi ba na mara ba ne kuma.

Motsa jiki

Wannan kishiyar ɗumi ce ta fuskar lokaci. Ranar ciwo ba ta da wani abin a zo a gani, amma ita kaɗai ce cikin jerin ke iya rage ciwon watanni masu zuwa. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen lafiya tana tace su, ta fitar da nazari a 2019 cewa motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, na iya rage ciwon da kusan maki 25 cikin 100. Ragi ne babba. Sun dai ce gwaje-gwajen ƙanana ne, akasarinsu kan 'yan mata ne, amma ko da an rage wa adadin wani abu, ribar ta fi ƙarfin kuɗin da aka kashe, tunda ba a kashe komai ba. Kuma ba a ga cewa sai mai tsanani ba, mai sauƙi ma ya yi.

Mata da yawa za su ce ai wuni suke suna aiki. Gaskiya ne, amma gajiya daban, motsa jiki daban. Ma'aunin shi ne numfashi ya ɗaga ya tsaya a ɗage: kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Shara da wanke-wanke ba sa kai nan. Daka da surfe suna kaiwa in an jera su ba tsayawa. Tafiya mai sauri, tsallen igiya, hawa da saukar matakala, duk sun yi, kuma wadda ba ta fita tana iya zaga tsakar gida ko ta yi tsallen igiya a ɗaki. A fara da minti 15 zuwa 20, a ƙara biyar duk mako. Bayan asuba ko sakaliyar la'asar sun fi, musamman da bazara.

Abin da ke kayar da ita biyu ne. Na farko a tuna da ita sai ranar da mara ta murɗa. Na biyu a bari bayan wata guda don ba a ga canji ba, alhali gwaje-gwajen da suka nuna amfani mako takwas zuwa sha biyu suka ɗauka. Wadda ke haki da jiri daga ɗan motsi kaɗan, musamman mai zubar jini da yawa, ta je awon jini tukuna.

A ranar ciwon kanta miƙa ce ke taimakawa. Ki durƙusa, ki zauna kan diddige, ki buɗe gwiwoyi, ki kifa har goshi ya taɓa shimfiɗa, ki zauna haka minti biyu kina numfashi a hankali. Ko ki kwanta rigingine ki rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji. In aka cusa jakar gishirin nan tsakanin cinya da mara ana cikin haka, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Tausa

Tausa tana da daɗi, kuma sauƙinta na gaske ne, sai dai gajere. Gwaje-gwajen da aka yi a kanta ƙanana ne, da yawansu kuma an haɗa ta da mai mai ƙamshi, ta yadda ba a rabe ko hannun ne ya yi aikin ko ƙamshin. Mu muna sa ta a matsayin mataimakiyar ɗumi.

Yadda ake yi: ki yi fitsari tukuna, ki kwanta rigingine da matashi ƙarƙashin gwiwoyi don tsokar ciki ta saki. Ƙaramin cokali ɗaya na man kaɗe, man zaitun ko man kwakwa, a murza a tafin hannu ya yi ɗumi. Da tafin hannu a shimfiɗe, ba da kan yatsu ba, a riƙa zagayawa daga ƙasan dama, a haura, a tsallaka ƙarƙashin cibiya, a sauko hagu. Haka hanji ke tafiya, don haka yana taimaka wa kumburi da iska ma. Minti 10 zuwa 15, dannawa mara nauyi, a fara kwana biyu ko uku kafin ranar da ake sa rai. Wadda ke son ƙara man ƙamshi mai ƙarfi, ɗigo biyu a ƙaramin cokali na man kaɗe ya isa. Man kanumfari zalla yana ƙona fata.

Tausar ƙugu sau da yawa ta fi ta mara tasiri, amma tana son mutum na biyu: inna, yaya, ƙawar ɗaki ko maigida. Ki kwanta ta gefe, mai tausar ta ɗora gindin tafin hannunta kan faffaɗan ƙashin da ke ƙasan baya, ta danna da nauyin jikinta rabin minti, ta saki, ta matsa kaɗan. In ba kowa, ƙaramar ƙwallo tsakanin bayanki da bango tana yin rabin aikin.

Inda tausa ke zama cuta shi ne irin mai zurfin nan da ake cewa mahaifa ta juya ko ta sauka za a gyara ta. Mahaifar da ta karkata baya halitta ce ga mace kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar, ba cuta ba ce a kan kanta, kuma hannu daga waje ba ya juya ta. Amma hannu mai nauyi yana iya fasa ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Duk tausar da ke sa ki cije baki ta wuce gona da iri.

Akwai kuma danna wuri guda irin na mutanen Sin. Wanda aka fi gwadawa yana ƙafa: yatsu huɗu sama da idon sawu na ciki, a bayan ƙashin ƙwauri. A danna da babban yatsa har a ji ɗan tsami, daƙiƙa shida, a saki biyu, minti biyar kowace ƙafa. Nazarin Cochrane na 2016 ya ce hujjar da ke akwai ba ta isa a yanke hukunci ba. Kyauta ne dai, ana yin sa a aji ko cikin Napep, gwadawa ba ta cin komai. Wadda ke zaton tana da ciki ta bar shi.

Na'urar TENS

'Yar na'ura ce da ba ta fi waya girma ba, mai batir, da wayoyi da ke zuwa ga faci biyu ko huɗu masu danƙo. Tana tura lantarki mara ƙarfi ta fata, ki ji kamar tafiyar kiyashi. Cikin abubuwan da ake saye da kuɗi ita ce muke ganin ta cancanta, amma ga mace iri ɗaya: mai ciwo mai tsanani da ke hana ta aiki, wadda olsa, ciwon ƙoda ko asma suka hana ta su ibuprofen, ko wadda ɗumi bai ishe ta ba. Nazarce-nazarcen Cochrane sun nuna tana rage ciwo fiye da na'urar bogi, ko da yake gwaje-gwajen ba manya ba ne. Ta fi roba da abu biyu: ba ta sa zufa da bazara, kuma ana yawo da ita a aljihu.

Saitinta shi ne komai. Lambar da aka rubuta Hz a gefenta, wato yawan bugu a daƙiƙa, a sa ta tsakanin 80 da 100. A manna faci biyu a mara, dama da hagu, ƙasa da cibiya sama da ƙashin mara, da tazarar aƙalla yatsu biyu tsakaninsu. In masu huɗu ne, sauran biyun a ƙugu, gefe da gefen ƙashin baya. A kunna daga sifili, a ƙara a hankali har jin ya yi ƙarfi amma ba zafi, tsoka kuma ba ta tsalle. Bayan minti biyar ko goma jiki kan saba, jin ya dushe, sai a ƙara kaɗan. Mata da yawa da suka ce ba ta yi musu ba, a nan suka tsaya, sun bar ta a ƙasa don tsoron lantarki. Minti 30 zuwa awa ɗaya, a huta, a maimaita. A kashe kafin a ɓanɓare faci.

Facin ne ke cin kuɗi a ɓoye. Danƙonsa na mutuwa bayan amfani 20 zuwa 30, ƙurar hunturu da zufa na gaggauta mutuwarsa, mai a fata kuwa kashe shi yake nan take, don haka ba a haɗa TENS da tausar man kaɗe a wuri ɗaya sai an wanke an bushe. Facin da ya ɗaga gefe yana tara lantarkin wuri guda ya yi tsira kamar allura. Kafin ki saya ki tambayi mai kanti ko yana kawo facin canji. Sannan ki duba ko ana iya saita Hz ɗin. Akwai ɗamarar rage tumbi da 'yan na'urorin tausa da ake tallatawa da sunanta, waɗanda aikinsu sa tsoka tsalle ne.

Ba a sa ta ga mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, mai ciki ko mai zaton ciki, da mai farfaɗiya sai da izinin likita. Ba a manna ta a wuya, kan rauni ko ƙuraje, ba a wanka ko barci da ita. Dabara mai kyau ita ce a fara gwada ta a sashen fisiyo, wanda aka fi sani da gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a ga ko jiki ya karɓa kafin a zuba kuɗi.

Bayofidbak

Sunan ya fi aikin girma, aƙalla a wannan ciwo. Dabara ce da ta bunƙasa a Amurka ƙarshen shekarun 1960: a manna miki ma'auni a ciki, a yatsa ko a tsokar ƙasan ƙugu, allo ya riƙa nuna miki ɗaurewar tsoka, ɗumin yatsa ko bugun zuciya, ke kuma ki koyi sauko da lambar. Ba ya warkarwa da kansa, madubi ne. Kuma tunda mahaifa ba ta bin umarni, abin da ake koyo shi ne sakin tsokar ciki da ta ƙugu waɗanda mace ke ɗaurewa in ciwo ya taso, ɗaurewar da ke ƙara wa ciwon wani ciwo. Nazarin Cochrane na 2007 kan irin waɗannan dabarun horar da jiki gaba ɗaya gwaji biyar kacal ya samu, mata 213. Yana son zama da yawa gaban ƙwararre, ga kuɗin zama, ga na mota. Ga ciwon al'ada zalla, bai kai a bar Daura ana neman sa ba.

Wadda zai yi wa rana daban take: mai ciwon da ke zarcewa bayan jini ya ɗauke, mai jin zafi wajen saduwa don tsokar ƙasa ta ƙi saki, mai yunƙuri da wahala a bayan gida. Ita ma likitan mata ne zai fara duba ta ya tura ta.

Mafi yawan ribarsa ana samu da hannu biyu. Ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, hannun ciki ya ɗaga na ƙirji ya tsaya, ki sake ta baki kina ƙirga shida. Numfashi shida ke nan a minti. Minti goma safe da dare, kuma a koya lokacin lafiya, don ba a koyon iyo ranar ambaliya. In kika ji jiri ko yatsu na tsira, kina ja da yawa ne, rage zurfin.

Waɗanda ba mu ba da shawara ba

Ƙaho na fitar da jini daga jikin da ke cikin zubar da jini, kuma ƙarancin jini ya riga ya yi wa matanmu yawa. Jiƙa jar kanwa a sha, gishiri ne ake ɗura wa jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego, mai hawan jini kuwa ba ta da abin yi da ita ko kaɗan. Tsuguno kan kaskon garwashi na ƙona fata mafi laushi a jiki, hayaƙin kuma ba ya isa mahaifa, ga haɗarin gawayi a rufaffen ɗaki. Ƙwanƙwasa ƙashin baya irin na masu gyaran baya an gwada shi, nazarin Cochrane na 2006 bai ga ya fi na bogi ba. Citta kuwa daban ce, tana da gwaje-gwaje a bayanta: garinta gram ɗaya zuwa biyu a rana, wato rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya, a raba sau uku ko huɗu, a kwana ukun farko. Mai olsa ta yi hattara, tana iya tayar da ƙwannafi.

Sai maganar da ake yi wa 'yan mata, in kin yi aure zai daina. Ciwon da ba cuta a ƙarƙashinsa yakan ragu da shekaru da kuma bayan haihuwa, wannan haka yake. Amma maganar ta sa mata da yawa sun yi shekaru suna haƙuri da endometiriyosis, cutar da nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa.

Yadda za ki san ta yi miki

Ɗalibar makarantar kwana ta tafi da roba, tawul da fulas, ta riƙe igiyar tsallenta sauran makonni. Mai zaman ofis ko shago ta ajiye facin ɗumi don ranar farko, roba da dare. Mai olsa da ciwo mai kayarwa ta gwada TENS a kan ɗumi. Mai iya shan ibuprofen kuwa ba laifi ta haɗa shi da ɗumi, ba jarumta ba ce a ƙi magani. Ya fi aiki in an sha da alamar farko bayan an ci abinci, kuma ba a haɗa iri biyu na danginsa a lokaci guda.

Kowacce kika ɗauka, ki ba ta al'ada uku, kuma ki rubuta. Littafi ɗan ƙarami ya isa: ranar da jini ya fara, makin ciwo daga 0 zuwa 10 safe da dare na kwana uku, ƙwaya nawa kika sha, ko kin rasa makaranta ko aiki. Tunani na yaudara, watan da ya fi muni shi ake tunawa. In makin ya sauka da biyu ko fiye, ko ƙwayoyin sun ragu da rabi, hanyar ta biya. In wata uku sun wuce ba canji, ki ɗauki littafin nan ki je wurin likitan mata, a Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa a Katsina, ko asibitin gwamnati da ke Daura ga na can. Za a iya yi miki sikanin a duba ƙarin mahaifa ko ƙullutu, a kuma tattauna magungunan daidaita al'ada. In hoton ya fito ba komai amma ciwon na nan, ki tambayi likita kai tsaye batun endometiriyosis, don ƙananan tsironta sau da yawa ba sa fitowa a sikanin.